Aiki Ya Kawo Ka Damagaram: Yadda Za Ka Zaɓi Gidan da Iyali Za Su Zauna

Takardar canjin wurin aiki ba ta sallama. Galibi cikin hutun damina take fitowa. Mutum yana zaune a Maraɗi ko Tawa ko Yamai, sai ya ga an rubuta Zinder, wato Damagaram, gaban sunansa, ga mata, ga yara biyu ko uku da babbansu bai wuce aji biyu ba, ga kuma goyo. Daga ranar tunani ya zama ɗaya: ina za mu sauka? Na bi wannan hanya da kaina shekarun baya, kuma tun daga lokacin na raka abokan aiki da dama neman gida a garin nan. Abin da na lura shi ne yawancinmu gidan da zai yi wa maigida daidai muke nema, alhali maigida kwana kawai yake yi a ciki. Mai ɗaki da yara su ne masu wuni. Da idonsu ya kamata a duba gida, kuma a Damagaram abin da idonsu ke fara nema shi ne ruwa.

Da maigida nake magana a nan, amma in ke ce aka canja wa wurin aiki, malamar makaranta ce ke ko ungozoma, duk abin da zan faɗa ya shafe ki, har ya fi, don ke ga aiki ga gida.

Ka fara zuwa kai kaɗai

Kada ka ɗora kaya da yara a mota ɗaya ka taho kan maganar wanda ya ce maka a waya ya samo maka gida mai kyau. Ko ɗan'uwanka ne na jini, kyan da yake nufi ba lalle ya zama naka ba. Ka nemi mako guda, in da hali biyu, ka sauka wurin abokin aiki ko wani ɗan garinku, ka taka garin da ƙafarka. Daga Yamai tafiyar ta kusa kilomita 900, wuni guda cur a cikin bas, kuma na san kuɗin zuwa da dawowa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya fi sauƙi a kan tashi biyu cikin shekara ɗaya, da asarar kuɗin ajiya, da cire yaro daga makarantar da ya fara sabawa da ita. Zuwa da kai ya fi aike.

Kafin ka taso ku zauna da mai ɗakinka, ta faɗa maka abin da ba za ta iya haƙuri da shi ba. Wata za ta ce bayin haɗaka, wata nisa da mutane, wata rashin madafa mai rufi. In ka shiga gida kana ɗaukar hoto don tura mata ta WhatsApp, ka bar falo da fentin bango. Ɗauko mata madafa, bayi, bakin famfo, tsakar gida da rana tsaka, da ƙofar gida daga waje har ta ga layin.

Ka gane yadda garin ya kwanta

Zinder ce babban birnin mulkin Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai, kuma har yau tsarin garin yana nuna tarihinsa. Akwai Birni, inda fadar Sultan take, da ragowar ganuwa, da lunguna matsattsu tsakanin manyan duwatsu. Gidajensa na gado ne, haya ba ta cika samuwa ba, wasu ƙofofin ma mota ba ta kai musu. Akwai Zango, masaukin ayarin fatake na da, mai gidaje masu zane a fuska. Tsakaninsu sabon gari ya tashi, can ma'aikatu da bankuna suke, da kasuwar Dole. Daga nan sai unguwanni irin su Garin Malam, Tudun Jamus, Karkada, Kanya, Kara-Kara, har zuwa sabbin filaye na bakin gari inda gida ɗaya ke tsaye tsakanin kangaye biyar. An ƙara wa garin kwalta lokacin bikin Zinder Sabuwa na 2018, amma kana karya kwana ɗaya daga kan kwalta za ka tsinci babur ɗinka cikin yashi.

Ba zan ce maka ga unguwar da ta fi ba, kuma duk wanda ya yi saurin faɗa maka, ka ƙara bincike. Layi biyu a unguwa ɗaya sai ka tarar wannan yana da ruwa wancan babu, wannan tudu wancan kwari. Layi ake zaɓa a garin nan, ba sunan unguwa ba. Haka kuma kada ka yanke wa wata unguwa hukunci don abin da ka ji a tashar mota.

Wurin aikinka ne zai nuna maka ɓangaren da za ka fara dubawa. Mai aiki a matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari kan hanyar Tanut da Agadas, gara ya nemi gida ta wajen mafitar arewa, kada ya riƙa ratsa gari gaba ɗaya da asuba. Wanda aka kai Mirya, kilomita 18 ne, yana iya zuwa ya dawo kullum. Amma Magarya ko Matamai ko Tanut ba tafiyar kullum ba ce. A ganina, in akwai makaranta da gidan likita a can, ka tafi da iyalinka can ɗin. Barin matashiya da ƙananan yara a garin da ba ta san kowa ba, kai kana leƙowa ƙarshen mako, nauyi ne da sau da yawa ba a auna shi sai ya danne ta.

Ruwa

A nan zan daɗe, don nan ne na sha wuya.

Damagaram a kan dutse take zaune. Shi ya sa haƙa rijiya a cikin gari ba ya ba da abin kirki a wurare da yawa, ruwan famfo kuma daga nesa ake turo shi: daga Gogo da Macaya ta kudu, daga Arunguza da Ganaram ta arewa. Gari yana ta faɗaɗa, ruwan kuwa tafiyar kilomitoci yake yi kafin ya iso. In bazara ta yi, buƙata ta ƙaru, gidajen da ke kan tudu da waɗanda ke ƙarshen bututu su ne na ƙarshen samu, wani lokaci sai tsakar dare, wani lokaci a kwana biyu uku ba a ga ɗigo ba.

Gidana na farko cikin Satumba na kama shi. Dillali ya murɗa famfo a gabana, ruwa ya zubo da ƙarfi, na biya. Shi da mai gidan duk sun san abin da ke zuwa, babu wanda ya faɗa mini. Da Afrilu ta kama, mai ɗakina takan tashi ƙarfe uku na dare da jariri a baya tana tarar ruwan da ke zuwa kamar zare, in ya zo ke nan. Ta rame, yaro ya yi ta gudawa, kuɗin ga-ruwa ya cinye abin da muka ɗauka mun rage a haya. Ba mu kai damina a gidan ba. Har yau in na tuna waɗannan darare raina yana ɓaci, don tambaya ɗaya ga mutumin da ya dace da ta raba mu da wannan wahala.

Mutumin da ya dace ɗin shi ne ɗan ga-ruwa. Ka tare shi a layin, ka gaishe shi, ka ce: «Sannu da aiki, malam. Gidan can mai koren ƙyaure, kana kai musu ruwa da bazara?» In ya ce kullum, ka samu amsarka. Ka tambaye shi nawa jarka take kaiwa a watan Mayu, kuma daga ina yake ɗebowa in famfon unguwa ya ƙafe. Bayan shi sai matan layin. Kai ba za ka shiga gidajen mutane ba, amma kusan kowane layi akwai dattijuwa mai tuyar ƙosai ko waina a ƙofar gida. Ka sayi na dala ashirin, ka ce: «Inna, baƙo ne ni, zan kawo iyali. Yaya ruwa a nan?» Ba za ta ɓoye maka ba, don ita ce ke shan wahalarsa.

Sai ka duba da idonka. In ka ga an sauke bakin famfo ƙasa-ƙasa, ko an haƙa rami an sa shi a ciki, alama ce ruwan ba ya da ƙarfin hawa. In ka ga jarkoki jere a famfon unguwa da hantsi babu kowa kusa da su, layi ne aka kama ana jiran ruwan da bai zo ba. Ka roƙi mai gida ya nuna maka takardun kuɗin ruwa na Afrilu da Mayu, na kamfanin ruwa NDE da ya gaji SEEN a 2024. Gida mai mutum takwas da takardarsa ta bazara ta nuna ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba tattali suka iya ba, ruwan ne bai zo ba. Kuma ka koma gidan sau biyu, da safe da kuma bayan isha'i, ka murɗa famfon da hannunka.

Yanzu lissafi. A ɗauka gidanka yana shan jarka goma a wuni, wanda ba yawa ba ne ga mai wankin jariri. A ɗauka kuma jarka ta kai dala ashirin da bazara. Jika ɗaya ke nan kullum, jika 30 a wata. To gidan da ya fi wani arha da jika goma amma ba ruwa, wanne ne mai tsadar? Araha ba ta ado. Gidan da ke da tanki ko kwatarniyar siminti ta ajiye ruwa ya cancanci ƙarin kuɗi. In babu, ka tambayi mai gida tun yanzu ko zai yarda ka kafa naka ka cire in za ka tashi. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: duk abin ajiyar ruwa, duro ne ko randa ko rami, a yi masa murfi mai nauyi. Yaro mai rarrafe ba ya buƙatar ruwa mai zurfi kafin a yi baƙin ciki, ga kuma sauro da ke haihuwa a ciki.

Kowane lokaci yana ɓoye aibi guda

Wanda ya nemi gida da damina zai ga yoyo da ambaliya, ba zai ga ƙarancin ruwa ba. Wanda ya nema da rani zai ga ƙarancin ruwa, ba zai ga ambaliya ba. Don haka aibin da lokacin zuwanka ya ɓoye, shi za ka nema da tambaya da alama.

Dutsen da ya hana rijiya shi ne kuma ke hana ruwan sama nutsewa. Ruwa kan gangaro daga tudu ya taru a kwari da tafkuna. Ka duba gindin katanga daga waje: in akwai zanen da ruwa ya bari, ko siminti ya kumbura yana zuba, ko maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofa sun jera buhunan yashi, layin hanyar ruwa ne. Daminar 2024 ta nuna wa kowa abin da ruwa ke iyawa, a watan Satumba na shekarar har tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Wannan ba ya nufin a guji ginin ƙasa. Soron ƙasa da ake kula da yaɓensa da indararonsa ya fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe, kuma wa zai yi na gaba, kai ko mai gida. Ɗakin kwano marar silin kuwa, a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, jariri ba ya iya barci a ciki. Ka nemi taga biyu masu kallon juna, da bishiya a tsakar gida, ko da bedi ɗaya ce. Gidan da ya jingina da dutse yana da kyan gani, amma dutse yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, kuma kunama tana son ƙarƙashinsa. Kududdufin da aka haƙa don bulo, in yana kusa da ƙofa, ni dai ba na kai yara wurin.

Wuta kuwa, tun da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya a 2023 kowa ya koyi kada ya dogara da fanka kaɗai. Ka tabbata tsakar gidan tana da katanga mai tsawo da wurin ɗaura gidan sauro, don za a kwana a waje.

Makaranta da gidan likita

Yaro ɗan CI ko CP, wato aji ɗaya ko biyu na firamare, bai kamata ya tsallaka babbar kwalta shi kaɗai ba, musamman hanyoyin da manyan motoci ke bi zuwa Agadas ko Difa ko iyakar Najeriya. Ka taka daga ƙofar gidan zuwa makarantar da ƙafa, da saurin ɗan shekara shida. Ka tambaya ko ana komawa da yamma, don in ana komawa tafiya huɗu ce a wuni, kuɗin kabu-kabu ko adaidaita kuma sai ya zama wata hayar ta biyu. Ka ga darakta tun kafin buɗe makarantu a Oktoba, ka leƙa ajin da za a sa ɗanka, na gini ne ko rumfar zana, yara nawa ne a ciki. Ta gwamnati, ta kuɗi, ko ta Faransanci da Larabci, wannan zaɓinku ne, amma ka taho da takardar haihuwa da takardar shaida daga tsohuwar makaranta. Makarantar allo ko islamiyya ba ta wuya a Damagaram, kowace unguwa akwai.

Garin yana da babban asibitin ƙasa da kuma cibiyar kula da uwa da yaro, amma zazzaɓin dare ba can ake fara kai shi ba. Ka san gidan likitan unguwa, CSI, ka san ko ana karɓar haihuwa da dare a wurin, ka san kantin magani mafi kusa. Ka karɓi lambar mai adaidaita ɗaya na layin wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyu na dare. Tun 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin ganin likita ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, don haka katin rigakafi da na awon ciki su zauna a jakar hannu, kada a cusa su cikin buhun kaya. Akwai kuma maganin kariya daga zazzaɓin sauro da ake bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, wata-wata cikin damina. Masu tashi a Agusta ko Satumba sukan rasa zagaye ɗaya tsakanin gari biyu. Kuna sauka a je CSI a faɗa.

Su wa za ta wuni da su?

Hayar gari iri biyu ce ga mai ƙaramin albashi: ɗaki da falo a gidan haɗaka, ko ɗan gida naka kai kaɗai, galibi can bakin gari. Mu maza zuciyarmu ta fi karkata ga na biyun, don sirri da kwanciyar hankali. Amma ka yi tunanin wadda za ka bari tun safe tsakanin kangaye, babu mai amsa sallama, babu mai riƙe mata yaro ta shiga wanka, kasuwa nesa, mai niƙa nesa. Gidan haɗaka yana da nasa ciwon: bayi ɗaya, mita ɗaya da ake faɗan rabon kuɗinta kowane wata, faɗan yara da ke zama na manya. In za ka shiga irinsa, ka ƙirga ƙofofi, ka ƙirga bayi, ka tambaya ko duka masu iyali ne. Abin da na ga ya fi dacewa da ƙaramin iyali baƙo shi ne gida mai ƙofarsa daban amma a cikin tsohon layi mai mutane, ko da ɗakunan ba su kai na bakin gari girma ba. A irin wannan layi, kafin wata biyu an kira ta suna, an sa ta adashi, ta samu wadda za ta ce wa yaya.

Ka yi sallar magariba a masallacin layin, ka zauna kaɗan bayan an sallame. Ka ga fadar samarin da ke shan shayi a kusurwa, ka yi musu sallama. Yadda suka amsa zai gaya maka abu da yawa, kuma sau tari su ne masu sa ido kan layin in dare ya yi.

Kuɗi da takarda

Dillali yana da amfani, amma ladansa yana fitowa ne in ka kama gidan, ba in ka ji daɗinsa ba. Ku yanke ladan tun kafin ya nuna maka ƙofa ta farko. Kada ka ba da kuɗin haya sai ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilin da mai unguwa ya shaida. A rubuta komai, ko da a takardar littafin 'yan makaranta ce, da shaidu biyu: kuɗin wata, wata nawa ka biya gaba, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, wa ke gyaran rufi da kwashe masai, wata nawa za a ba ka in ana son gidan. A rubuta lambar da mitar ruwa da ta wuta suka nuna ranar da ka karɓi makulli, kuma ka ga rasiɗin ƙarshe na NIGELEC da na ruwa, kada ka gaji bashin wanda ya tashi. In mai gida ya nemi shekara guda gaba, ka roƙi wata uku ko shida. Ba ka ga bazarar gidan ba tukuna.

Kuma ka tuna watan farko yana da ci: kuɗin mota, kayan makaranta, gas, gyare-gyare, ga albashi wani lokaci yakan yi jinkirin bin mutum zuwa sabon wuri. Kada haya ta cinye abin da za a ci.

Ranar tarewa

Ka riga su da kwana biyu. A share, a toshe ramuka, a sa raga a taga, a ɗaura gidan sauro, a cika duk abin da ke riƙe ruwa, don wadda ta kwana a hanya da yara ba za ta sauka ta fara neman ga-ruwa ba. Washegari ka je wurin mai unguwa da ɗan goro, ka ce: «Ranka ya daɗe, baƙinka ne, aiki ya kawo mu, ga gidan da muka sauka.» Ita ma mai ɗaki ta shiga gidajen dama da hagu da na gaba ta gaida matan. Da la'asar ka kama hannun babban yaron, ku taka zuwa ƙofar makaranta ku dawo, ka nuna masa kantin da zai riƙa karya kwana a wurinsa, ka sa ya maimaita sunan unguwa da sunan mai gidan har ya zauna masa.